Hunturu a Ƙasar Nangere: Ɗakin da Ke Riƙe Ɗumi da Wanda Ke Zubar da Shi

Wanda bai san ƙasar Potiskum ba sai a watan Afrilu, sa'ad da rana ke dukan ƙasa har awon zafi ya haura maki 40, da wuya ya gaskata in an ce masa wannan yanki yana cikin wuraren da sanyi ya fi tsananta a Nijeriya. Amma kuwa haka al'amarin yake, domin a Potiskum ne aka taɓa auna sanyin da ya sauka ƙasa da maki 3, wanda masu lissafin yanayi ke ambata a matsayin mafi tsananin da aka rubuta a ƙasar nan. Galibin shekaru abin ba ya kai nan. A Disamba da Janairu awo yakan tsaya wajen maki 12 ko 13 da asuba, ya hau zuwa kusan 30 da azahar, watau tsakanin sallar Asuba da ta Azahar jikin mutum yakan sha bambancin da ya kusa maki 20. Mutanen wannan yanki, irin su na Sabon Garin Nangere da Tikau da Dazigau da Degubi da Kukuri ba sai an kawo musu ma'auni ba, faso a dunduniya da tarin yara da dare sun ishe su shaida.

Sababin wannan sanyi daga nesa yake zuwa. Idan damina ta ɗauke, iskar arewa maso gabas takan taso daga Sahara, ta ratsa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi a ƙasar Cadi, ta kwashi ƙura daga kwarin Bodele, wanda gindin tsohon tafki ne da ya ƙafe, ta biyo da ita ta kan Borno da Yobe har bakin teku. Iskar nan busasshiya ce ƙwarai, ga shi kuwa danshi da gajimare su ne suke tare zafin da ƙasa ta sha da rana su hana shi tashi. Saboda haka da zarar rana ta faɗi, rairayi ya saki zafinsa sama ba abin da zai riƙe shi, sanyi ya yi ta sauka har ya kai matuƙa gab da fitowar rana. Malaman hisabi na dā, waɗanda suka raba shekara bisa taurari 28, sun san wannan lokaci da taurarinsa, irin su Balda da Sa'adu Zabiha, manoma da makiyaya kuma suka riƙa shirya masa tun ana cikin kaka.

Mafi girman shirin kuwa ɗaki ne. Karekare da Ngizim da Bolewa da Fulani da Hausawan da suka zauna wannan ƙasa sun gāji gini iri biyu, ɗakin ƙasa mai rufin ciyawa da soro mai azara, kuma dukansu biyu akwai hikima a cikinsu wadda magina suka sani a aikace ko da ba su karanta ta a littafi ba. Bangon ƙasa mai kauri, wanda aka ɗora da tubali aka yaɓe ciki da waje, ba ya barin zafi ya ratsa shi da sauri: duk yini yana shan rana a hankali, sai bayan sa'o'i masu yawa, lokacin da mutane suka kwanta, sannan zafin ya iso cikin ɗaki, haka nan sanyin da bangon ya sha da dare ba ya isowa ciki sai rana ta take, sa'ad da ake marmarinsa. Jinka kuma, in an baibaye ta da shuci mai kauri, iskar da ke maƙale tsakanin ciyawar ita ke hana ɗumin ɗaki sulalewa ta sama, domin iska in ta tsaya cik ba ta iya kai zafi daga wuri zuwa wuri sai kaɗan, kuma wannan shi ne sirrin bargo da gwado da gashin tunkiya. Ga ƙofa ƙarama, ga taga 'yar mitsitsiya, ga zana ko dangar kara da ke karya ƙarfin iska kafin ta iso tsakar gida. A ƙasar Hausa har akwai gadon ƙasa, wanda ake ginawa da rami a ƙarƙashi a zuba garwashi, tsofaffi da masu jego su kwana a kansa. Mutanen arewacin Sin da na Koriya, inda ruwa ke daskarewa, su ma da irin wannan dabara suka rayu ɗaruruwan shekaru.

Daga baya kwano da bulo suka shigo, ba kuwa a banza mutane suka rungume su ba, domin wanda ya taɓa kwana ruwa na ɗiga masa daga soro a watan Agusta, ko ya ga gara ta cinye azara, ko gobara ta lashe unguwa guda ta ɗakunan ciyawa cikin sa'a ɗaya, ba ya bukatar mai yi masa wa'azin kwano. Giginyar da ake tsaga azara daga jikinta ta yi ƙaranci, shuci ma ya zama abin saye. Sai dai an karɓi sabon gini an bar rabin sharuɗɗansa. Fallen kwano bai kai kaurin milimita ɗaya ba, ƙarfe kuma ba ya riƙe zafi ko na ɗan lokaci. Bulon siminti mai inci shida ba ya yin aikin bangon ƙasa mai kaurin kamu biyu. Tsakanin kan bango da kwano akwai kafofin da iska ke shiga ta yi kuwwa. Daɓen siminti kuma yana zuƙe ɗumin duk wanda ya shimfiɗa tabarma a kansa. Ɗumi ɗabi'arsa hawa sama, to in babu silin da zai tare shi, hura wuta a irin wannan ɗaki daidai yake da ɗiban ruwa da kwando. Ɗakin da ya gasa mai shi a bazara, shi ne kuma ke sa shi rawar ɗari a hunturu, illar guda ce.

Abin da bango ya daina bayarwa kyauta, dole a saye shi a kasuwa. Magidanci a Nangere ba a kawo masa takardar kuɗin ɗumama gida a ƙarshen wata, kamar yadda ake yi a Ingila ko Jamus, inda tsadar gas bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukiren a 2022 ta tilasta wa gwamnatoci tallafa wa jama'a; nasa kuɗin a ɓoye suke cikin cefane, shi ya sa ba a cika lissafa su ba. Da an shiga Disamba itacen da ke isar gida kwana biyu sai ya koma na kwana ɗaya, domin ban da tuwo da miya ga ruwan wanka, ga ruwan alwalar tsofaffi, ga garwashin kasko, in kuma akwai mai jego a gidan sai a ƙara babbar tukunya safe da yamma. Kananzir ya fi ƙarfin talaka tun da aka janye masa tallafi a 2016. Bayan janye tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kuɗin dakon itace da gawayi suka bi ta, gidaje da yawa da suka fara girki da gas kuma suka jingine tukunyarsa suka koma murhu. Murhun duwatsu uku kuwa almubazzari ne, abin da ke isa gindin tukunya daga zafinsa bai cika wuce kashi 15 cikin 100 ba. Gawayin da ake ƙonawa a rami irin na gargajiya shi ma, kafin a sami kilo ɗaya sai an ci itace kilo 5 ko fiye. Yobe tana cikin jihohi 11 da aka sa cikin shirin katangar bishiyoyi ta Afirka don tare hamada, saboda haka kowace ƙirya ko marke da aka sare don ɗumin dare ɗaya, an ƙara buɗe wa iskar baɗi hanya ke nan.

Hasarar dukiya ma da sauƙi in an gwada ta da ta rai. Ga yadda abin yakan kasance: bayan sallar Lisha uwargida ta kwashe garwashin da ya rage a murhu ta zuba a kasko, ta ƙara gawayi, ta kai kusa da shimfiɗar yara, ta cusa tsumma a taga, ta saki labule, ta tura ƙyaure ta sa sakata, duk don tausayin 'ya'yanta. Gawayin da ke ci a ɗakin da iska ba ta shiga yana fitar da wata guba da likitoci ke kira kabon monoksaid, wadda ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari balle ta farkar da mai barci, alhali jini ya fi kama ta fiye da yadda yake kama iskar numfashi sau 200 da ɗoriya. Alamunta na farko ciwon kai ne da jiri da tashin zuciya da mutuwar jiki, har a zaci zazzaɓi ne ko mura. Mai barci kuwa sau da yawa ba ya farkawa. Hayaƙin janareta a zaure ko kusa da taga haka yake yi. In an tarar da mutanen ɗaki guda duk sun galabaita, wajibi ne a buɗe ƙofa da taga, a fitar da su sarari, a garzaya da su asibiti. Shari'a ma ta riga ta yi gargaɗi, domin Buhari da Muslimu sun ruwaito cewa da wani gida ya ƙone da mutanensa a Madina da dare, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bayyana wuta a matsayin abokiyar gāba, ya yi umarni a kashe ta in za a kwanta. Ga kuma cunkoso a ɗaki rufaffe cikin ƙura, wanda ke taimaka wa sanƙarau yaɗuwa, kamar yadda aka gani a wasu makarantun kwana na yankin Potiskum a farkon 2024.

Magani ba ya bukatar a rushe ɗakin kwano a koma jinka, abin da ake nema shi ne a mayar wa sabon ɗaki abin da tsohon yake da shi. Na farko silin, domin ta sama mafi yawan ɗumi ke fita: wanda ba shi da halin na kanti, zana ko asabari ko tabarmar kaba da aka ɗaure a ƙarƙashin kwano, aka bar tazarar iska tsakaninsu, za su yi aiki hunturu da bazara, muddin an nisanta su da wuta da wayar lantarki. Na biyu a toshe kafofin kan bango da ƙasa, musamman ta gabas da arewa inda iskar ke bugowa, a rataya labule mai kauri, a kafa zana a wannan sashe na gida. Na uku kada a kwanta kan siminti sai an sa kwali ko buhu ko tabarma biyu a ƙarƙashin katifa. A buɗe ɗaki da hantsi rana ta shiga, a rufe tun la'asar sakaliya kafin ya huce. In lalura ta sa a ɗumama shi da kasko, a bari gawayin ya kama sosai a waje, a shigar da shi taga na buɗe, a fitar da shi kafin barci. Dutse ko bulon da aka gasa aka naɗe da tsumma zai riƙe ɗumin shimfiɗa ba tare da hayaƙi ba. Mai shirin sabon gini kuma kada ya raina ƙasa: a Jamhuriyar Nijar tun wajen 1980 ake horar da magina yin rufin tubali mai lanƙwasa wanda ba ya cin azara ko ɗaya, kuma bangon ƙasa mai kyakkyawan tushe, da kwano a sama da silin a ƙarƙashinsa, ya haɗa fa'idar gini biyun.

Akwai waɗanda sanyi ya fi yi wa illa, su ya kamata a fara dubawa. Jariri sabon haihuwa yana rasa ɗumin jikinsa da sauri, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi shawarar a jinkirta masa wankan farko har awa 24, a sa masa hula, a kwantar da shi a ƙirjin uwarsa fata da fata. Mai jego kuma a sassauta mata, domin likitocin asibitin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya sun nuna tun shekarun 1970 cewa yawan zafin wanka da kwanciya kan gadon wuta, haɗe da kunun kanwa, suna da hannu a ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa. Tsoho mai rauni ya sani cewa alwala da ruwan ɗumi halal ce, kuma malaman Malikiyya sun yarda da taimama ga wanda ya ji tsoron ruwa zai jawo masa cuta in babu halin ɗumama shi. Sai almajirai, waɗanda za ka gani kafin asuba sun kewaye wutar kara da suka roro da yamma, alluna a cinya, gaba ya yi zafi baya na kaɗawa, da wutar ta mutu kuma su koma zaure marar ƙyaure su cure cikin buhu.

Masu hali sukan raba barguna da rigunan gwanjo in sanyi ya tsananta, Allah Ya saka musu da alheri. Amma bargo na yaro ɗaya ne, kuma da wuya ya wuce shekara biyu, alhali kuɗin barguna goma zai iya sa wa zauren tsangaya ƙyaure da silin na zana, ya ɗumama duk wanda zai kwana cikinsa shekara da shekaru, ya kuma rage karan da ake ƙonawa. Wannan ya fi kusa da ma'anar sadaka mai gudana. Lokacin yinsa kuwa kaka ne, sa'ad da kara da gamba suke a yalwace, ƙasa ba ta gama bushewa ba, manomi kuma yana da ɗan abin hannu. Wanda ya bari sai Janairu, gawayi zai saya, a kan farashin da mai gawayi ya ga dama.