Tseren Mota A Cikin Ɗaki: Shirin Sitiyari Da Fitilun Canjin Giya

A shekarar 2008 kamfanin motoci na Nissan da kamfanin Sony suka shirya wata gasa ta masu tseren mota a na'urar wasa, wadda wani saurayi ɗan ƙasar Sifen, Lucas Ordóñez, ya lashe. Bayan shekara 3 sai ga shi a motar gaske a tseren awa 24 na Le Mans a Faransa, har ƙungiyarsa ta zo ta biyu a ajinsu. Ashe abin da ake ɗauka wasan yara yana iya zama ƙofar sana'a.

To, amma mai karatu ya sani, sayen sitiyari da fedojin totur da birki ba shi ne iyakar aikin ba. Da farko sai an sa wa kwamfuta manhajar da ake kira direba, wato tafintan da ke tsakaninta da sitiyarin. Alal misali, sitiyarin Logitech G29, wanda ya fito a 2015, yana aiki ne da manhajar G HUB. Da an kunna shi zai juya dama da hagu da kansa don ya gwada iyakarsa, kada a riƙe shi a lokacin. Daga nan sai a daidaita juyinsa, wanda ya kai digiri 900, da kuma ƙarfin fizgar da yake yi wa hannu. In ƙarfin ya yi yawa, matuƙi ba zai ji sa'ad da taya ta fara santsi ba.

Su kuwa fitilun nan da ke saman sitiyari, aikinsu shi ne nuna gudun inji. Kore ne ke fara kamawa, sannan ruwan ɗorawa, in ja ya kama lokacin canja giya ya yi. Wanda ya yi gaggawa ya rage wa mota ƙarfi, wanda ya yi jinkiri kuma inji ya yi ta kuka a banza, abokan tsere su wuce shi. Idan fitilun sun ƙi kamawa, sau da yawa wasan ne bai san su ba, sai a nemi wata manhaja ta daban da za ta karanto gudun injin ta aika musu.

Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Nan ma haka ne, haƙuri wajen shiri shi ke kawo nasara ranar tsere.