Kafin yaron mota ya karɓi sitiyari

Babban titin da ya taso daga Legas ya bi ta Jebba, Kwantagora, Yawuri da Jega kafin ya shiga Sakkwato, ta Tambuwal ya ratsa. Don haka ba abin mamaki ba ne matashin Dogon Daji, ko na Kuchi a ƙaramar hukumar Kebbe, ya ɗora burinsa kan tuƙin tirela. Kullum yana ganin masu siminti daga Kalambaina, da masu albasa da shanu sun nufi kudu, tankokin mai kuma sun nufo arewa. Sana'a ce mai riƙe gida. Sai dai galibin masu shigarta tambaya ɗaya suke yi: yaushe za a sakar mini mota? A ganina gaggawar nan ce babbar matsalar, domin wajen koyo da aikin farin da suka fi saurin miƙa wa yaro makulli su ne suka fi cancanta ya guje musu.

Hanyar da aka gada ita ce zaman yaron mota, kuma ban raina ta ba. Wanda ya shekara yana sa waigi, yana ɗaure tamfol, yana kwance taya cikin rana, ya san mota ciki da bai. Amma maigida abin da ya iya yake koyarwa, har da munanan ɗabi'unsa. Akwai masu sa mota a firi a gangara don su rage shan man gas, yaro kuma ya ɗauka gwaninta ce. Alhali birkin tirela da iska yake aiki: yawan tattaka shi na zubar da iskar, dogon dannawa kuma na sa ya yi zafi har ya daina kamawa. Giya mai nauyi ce ke riƙe mota a gangara. Haka ma gudu. Motar da ke tafiyar kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a daƙiƙa guda, in kuwa aka ninka gudun, tazarar da birki ke buƙata kafin ta tsaya ninki huɗu take yi. A ƙara da shanun da ke karkata gefe guda a kwana, ko man da ke tunkuɗo tanka gaba bayan an taka birki. Wannan lissafi ba a tsintarsa a bayan mota, sai an zaunar da mutum an karantar da shi.

Nan makaranta ta shigo. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, wadda aka kafa a 1988, ba ta yarda a ba sabon direba lasisi sai da shaidar makarantar tuƙin da ta amince da ita, sannan jami'an VIO su gwada shi. Tirela rukuninta daban, wato G, kuma ƙa'ida ta ce sai mai shekara 26 zai riƙe lasisin haya. Cibiyar fasahar sufuri ta NITT da ke Zariya na cikin wuraren da ke horar da direbobi. Za a ce makaranta kuɗi ce, Zariya da nisa, ga shi akwai mai kawo lasisi har gida ba tare da gwaji ba. Gaskiya ne da tsada. Amma lasisin bayan fage ranar haɗari yake tona asirin mai shi, kuma manyan kamfanoni na tantance lambarsa kafin su ɗauki mutum. Jiran shekara 26 ma ba asara ba ne ga wanda ya cike shi da zaman yaron mota da tuƙin ƙananan motoci. Koyon tasha da na aji, kowanne na toshe ɓarakar ɗan'uwansa.

Aikin fari ya fi komai wuyar zaɓi, don a nan kuɗi ke rufe ido. Mai motar da ke biya gwargwadon sawu, a fakaice ya hana direbansa barci, kuma daga nan ake faɗawa shan ƙwaya. Wanda ya ce a rufe motar shanu da fasinja a sama don a ƙara samu, ran mutane ya ɗora wa sabon hannu. Na fi son matashi ya fara da tifa ko kanta tsakanin Sakkwato, Tambuwal da Jega, ko ya zama direba na biyu a kamfani mai albashi, ko da abin da zai samu bai kai na mai zuwa Legas ba. Masu cewa ƙaramin albashi ba ya riƙe iyali suna da hujja, sai dai su tuna cewa sabon direban da ya kifar da lodi a shekararsa ta farko da wuya wani mai mota ya sake kallonsa, labari kuwa a tasha ba ya kwana. Ga ɗan yankin Kebbe akwai ƙarin dalili: matsalar tsaro ta sa tafiyar dare a wasu hanyoyi ta zama kasada, kuma ba kowane mai mota ke yarda direba ya kwana inda duhu ya riske shi ba.

Kafin ya karɓi makulli, ya tambaya a gaban shaidu: wa ke sayen taya, wa ke biyan tara, nawa ne kuɗin hanya, motar na da inshora? Sannan ya leƙa gareji. Kanikawa sun san mai motar da ke canza birki kan lokaci, sun kuma san mai cewa a lallaɓa sai an dawo.