Awa'id Da Kuɗin Kara: Wa Ke Ɗaukar Nauyin?

'Yan'uwa da dama daga Makwar da Mayurno sun tambaye mu bambancin da ke tsakanin kuɗaɗen da ake karɓa a hannunmu, da dalilin da ya sa mai ɗan ƙaramin shago ya fi kowa kuka. To, ga bayani.

Awa'id haraji ne na gini. Mahaliyya, wato ƙaramar hukuma, ita ke karɓarsa duk shekara, kuma ana ƙiyasta shi ne bisa kuɗin hayar da ginin zai iya kawowa. Ba a duba cinikin da aka yi a ciki. A ce shaguna biyu ne jere a bakin kara, girmansu ɗaya. Ɗaya na dillalin da ke loda shanu zuwa Muwaileh ta Umdurman, ɗaya kuma na mai sayar da igiya da kanwa da dusa. Ƙiyasinsu zai zo kusan ɗaya. Wa ya fi jin jiki? Ai ba sai an faɗa ba. Mai ginin ne ya kamata ya biya, amma mun san yadda abin yake, sai ya ɗora wa ɗan haya. Sannan ga kuɗin lasisin ciniki, ga na shara.

Mu masu dabbobi namu daban ne. Akwai harajin garke da Larabawa ke kira guɗ'an, wanda a ƙasar Hausa ake ce wa jangali, ga kuɗin shiga kara a kan kowane kai, ga na likitan dabbobi, ga abin da ake karɓa a hanya.

Me ya jawo yawansu? A 1994 aka raba Sudan jihohi 26, aka ƙirƙiro Jihar Sinnar mai hedkwata a Sinja. Aka bar wa ƙananan hukumomi hidimomi masu yawa, alhali hanyoyin samun kuɗinsu kaɗan ne. Dole suka juya ga abin da ido ke gani: shago, rumfa, saniya. Ribar babban ɗan kasuwa kuwa ba ta tsayawa a bakin hanya a ƙirga ta.

Ku dubi zakka, wadda Diwanin Zakka ke karɓa bisa doka. Tana da nisabi. Sai shanu sun kai 30 kafin a fitar da ɗan maraƙi guda, tumaki kuma sai sun kai 40. Kuɗin kara ba shi da wannan sassauci, domin mai saniya ɗaya da mai ɗari kuɗin kai ɗaya suke biya. A ganinmu nan ne rashin adalcin yake.

Yanzu kuma ga halin da yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya jefa mu. Sinja ta faɗa hannun dakarun RSF a Yunin 2024, soja suka ƙwato ta a Nuwamba. Shagon da ya yi watanni a rufe, ko aka wawashe, bai dace a yi masa ƙiyasi irin na da ba. Duk wanda abin ya shafa ya rubuta wa mahaliyyarsa ya nemi a sake ƙiyasi, ya kuma kawo wa ƙungiya kwafi don mu bi sahu tare. Kuma kada kowa ya ba da ko jine ɗaya sai an ba shi rasidin gwamnati, wato Urnik 15, ya adana shi.