BABI NA UKU: AIKIN JINYA NA BAI-ƊAYA DA AL'ADAR JEGO A KANYA BABBA

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan yadda Bahaushe yake renon jariri a gargajiyance. A wannan babi kuwa za a dubi aikin jinya na zamani da ake yi wa yara ƙanana da iyayensu mata, da kuma inda ya haɗu da al'adar jego a Kanya Babba ta Ƙaramar Hukumar Ɓaɓura, Jihar Jigawa.

3.1 Ma'anar Aikin Jinya na Bai-ɗaya

Abin da ake nufi da aikin jinya na bai-ɗaya shi ne kulawar da ma'aikatan lafiya suke yi wa kowane yaro tun yana ciki har ya cika shekara biyar, ko yana da lafiya ko ba shi da ita, ɗan mai kuɗi ne ko ɗan talaka. Wato ba a jira sai cuta ta kwantar da yaro. Masu gudanar da shi su ne nas-nas da ungozomomin asibiti da kuma malaman lafiya na karkara. Aikin ya ƙunshi awon ciki, karɓar haihuwa, allurar rigakafi, auna nauyin yaro, da wayar da kan iyaye game da shayarwa da tsafta.

3.2 Taƙaitaccen Tarihi

Tushen wannan tsari shi ne taron Alma-Ata na shekarar 1978, inda ƙasashen duniya suka amince a kai kiwon lafiya matakin farko kusa da jama'a. A Nijeriya, tsarin ya kankama a zamanin Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, likitan yara da ya riƙe ma'aikatar lafiya daga 1985 zuwa 1992. A zamaninsa ne aka ɗora wa ƙananan hukumomi nauyin asibitocin karkara, aka kuma kafa hukumar lafiya matakin farko ta ƙasa a 1992. Ita kuwa Jigawa, wadda aka cire daga Jihar Kano a 1991, ta fito da tsarin Gunduma a 2007 domin haɗa ƙananan asibitoci da manya a ƙarƙashin kulawa ɗaya. A 2009 gwamnatin tarayya ta ƙirƙiro shirin tura ungozomomin asibiti zuwa karkara.

3.3 Jadawalin Asibiti da Kwanakin Jego

Da zarar an haifi jariri ya kamata a yi masa allurar tarin fuka da ta ciwon hanta, a ɗiga masa maganin shan-inna. Daga nan sai a mayar da shi asibiti yana da mako 6, da 10, da 14, domin allurar da ta haɗa rigakafin cututtuka biyar, ciki har da mashaƙo da tarin shiƙa. A wata 9 kuma a yi masa ta ƙyanda da ta shawara.

Idan aka lura, mako shida kwana 42 ke nan, wanda ya zo daf da kwana arba'in da mai jego take gama wanka ta fara fita. Saboda haka zuwa allurar mako shida bai ci karo da al'ada ba. Matsalar tana cikin kwanakin da suka gabaci arba'in. A wannan lokaci mai jego ba ta fita, kuma idan haihuwar fari ce sau da yawa tana gidan iyayenta wajen goyon ciki, watakila a wani gari daban da inda ta yi awo. Alhali kuwa makon farko shi ne mafi haɗari ga jariri. Wannan ne ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a duba uwa da jaririnta a cikin awa 24 na farko, da rana ta uku, da tsakanin rana ta 7 zuwa ta 14, sannan a mako na shida.

A cikin waɗannan kwanaki ne kuma ake yanke shawarwarin da suka fi shafar rayuwar jariri. Alal misali, wasu tsofaffi sukan sa a matse dakashi a zubar bisa zaton yana da dauɗa, alhali shi ne kariyar farko ga jariri. Haka kuma akan ba shi ruwa ko jiƙo, bayan masana sun nuna nonon uwa zalla ya wadatar har wata shida. Akwai kuma gashin cibiya da tsumma, da cire hakin wuya da wanzami yake yi, waɗanda kan buɗe wa cuta ƙofa idan kayan aiki ba su da tsafta.

3.4 Masu Faɗa-a-ji a Ɗakin Mai Jego

Mai jego, musamman ta fari, ba ita ce mai yanke hukunci a kan jaririnta ba. Kunya ma kan hana ta nuna damuwa da shi a gaban mutane. Maganar tana hannun uwarta ko surukarta, da ungozomar gargajiya, sannan mijinta wanda yake ba da izinin fita da kuɗin mota. Don haka duk nasihar da nas ta yi wa mace ita kaɗai a wajen awo tana iya tsayawa a bakin zaure. Ma'aikaciya mace ce kawai take iya shiga har ɗaki ta zauna da tsofaffin, ta duba cibiya, ta ga yadda jariri yake kama nono, ta lura ko jikinsa ya yi zafi ko idonsa ya yi rawaya. Ranar suna, wadda ta faɗo cikin kwanakin da aka ambata a sama, dama ce babba, domin a ranar dangi da liman da wanzami duk suna hallara.

Abin da ya faru a 2003 zuwa 2004, lokacin da aka dakatar da rigakafin shan-inna a Kano saboda zargi, ya nuna cewa magani ba ya shiga gidan da ba a yarda da mai kawo shi ba. Sai da sarakuna da malamai suka sa baki kafin aikin ya miƙe, har aka kai ga ayyana nahiyar Afirka a matsayin wadda ta rabu da ƙwayar shan-inna ta asali a 2020.

3.5 Naɗewa

A taƙaice, wannan babi ya nuna cewa aikin jinya ba zai amsa sunansa na bai-ɗaya ba matuƙar ya tsaya jiran wanda ya zo asibiti. Jaririn da ya fi buƙatarsa yana cikin ɗaki har kwana arba'in, don haka tilas ma'aikaciya ta je inda yake. Babi na gaba zai dubi matsayin ungozomar gargajiya a wannan tsari.