Shirin Musamman: Haɗa Kwamfutar Tebur da Ɗan Abin da Ke Aljihu

 Batunmu na yau ya shafi ɗalibi, da mai shagon buga takardu, da malamin makaranta, da duk wanda ke da buƙatar kwamfutar tebur alhali kuɗinsa ba su kai ya ɗauko sabuwa fil daga kanti ba, ya ƙudurta zai sayo kayanta ɗaya bayan ɗaya ya haɗa da hannunsa.

Dalilin da ya sa wannan aiki ya yiwu yana da asali. Tun shekarar 1981, lokacin da kamfanin IBM na Amurka ya fitar da kwamfutarsa wadda aka harhaɗa da kayan kamfanoni dabam-dabam, da kuma 1995, lokacin da Intel ya shimfiɗa ƙa'idar ATX wadda ta daidaita girman uwar allo da mazaunin kusoshi da hanyar shigar wuta, masu ƙera kayan suka zama tamkar sun yi ijma'i a kan awo guda, har ya kasance abin da aka ƙera a Taiwan yakan zauna daram a cikin akwatin da aka ƙera a Sin.

To, sharaɗi na farko shi ne mutum ya tsarkake niyyarsa, ya san aikin da yake nufi, domin wanda zai yi rubutu da lissafi da bincike a intanet hukuncinsa dabam ne da na wanda zai riƙa tace fim ko zanen gini. Mafi yawan israfin da ake yi a wannan fage daga nan yake tasowa: saurayi ya ji ana yabon katin hoto mai tsada, ya zuba rabin jarinsa a kai, sa'an nan ya wayi gari yana buga wasiƙu da shi. Haƙiƙa katin hoto ga mai ƙaramin ƙarfi nafila ne. Akwai furosesa, wato ƙwaƙwalwar na'urar, da ke ɗauke da sashen hoto a cikinta, irin Ryzen 5 5600G ta kamfanin AMD wadda ta fito a 2021, kuma ta ishi aikin ofis da kallo da ƙananan wasanni. Sai dai a lura da haruffa, don a nan da yawa suka faɗa rami: furosesar Intel da lambarta ta ƙare da harafin F ba ta da sashen hoto, wanda kuwa ya saye ta ba tare da kati ba, zai kunna na'ura ya ga allo baƙi ƙirin.

Daga nan sai uwar allo, wadda kowane abu ke hawa kanta. Ita da furosesa ba a raba shawararsu, saboda kowace furosesa da irin gurbinta. Gurbin AM4 na AMD, wanda ya bayyana a 2016, ba ya karɓar abin da aka yi wa AM5 na 2022, balle na Intel. A ganina, ga mai tattali, AM4 ya fi maslaha, domin ya daɗe a kasuwa, kayansa sun yawaita, kuma yana aiki da ram, wato ma'ajiyar wucin gadi, nau'in DDR4, wanda tsagarsa ma ba ta dace da gurbin DDR5 ba, ko da an danna da ƙarfi. Gigabait 16 na ram ya wadatar, kuma mustahabbi ne a sayo shi sanda biyu masu takwas-takwas maimakon sanda guda, domin biyun sukan yi aiki kafaɗa da kafaɗa, musamman idan furosesar ce ke ɗauke da nauyin hoto. Ma'ajiya kuwa babu dogon zance: a sayi SSD ko da ƙarama ce, domin tsohon faifai mai juyawa shi ke sa sabuwar na'ura tafiyar hawainiya.

Yanzu, masu saurare, ku ba ni aron kunnuwanku da kyau, domin mun iso rukunin da aka fi yi wa ƙwauro alhali shi ya fi cancantar karamci, wato akwatin rarraba wuta, wanda 'yan kasuwa ke kira fawa-fak. Shi ne ke karɓar wutar gida mai ƙarfin bolt 230, ya sauke ta zuwa 12 da 5 da uku da ɗoriya, ya shayar da kowane sashe gwargwadon haƙƙinsa. Ba ya ƙara wa na'ura sauri, ba a ganinsa, ba a alfahari da shi a majalisa, shi ya sa mai saye yakan bar shi a ƙarshe, ya ɗauki marar suna da canjin da ya rage. Amma idan ram ya lalace, galibi shi kaɗai yake tafiya. Idan kuwa fawa-fak marar inganci ya ƙone, la'alla ya tafi da uwar allo da ma'ajiya da dukan abin da aka shekara ana rubutawa. Hausawa sun ce araha ba ta ado, kuma a ƙasar da wuta ke zuwa da ƙarfi ta koma da rauni, a ɗauke ta babu sallama, a tayar da janareta, wannan magana ta zama hujja. A nemi mai suna sananne, mai tambarin 80 Plus, wanda ke shaida cewa aƙalla kashi 80 cikin ɗari na wutar da ya ja tana isa ga aiki, ragowar ce kawai ke zama zafi. Wat 450 zuwa 550 ya isa irin na'urar da muka siffanta. In da hali, a haɗa da UPS, wato na'urar ajiye wuta, domin ya ba mutum 'yan mintocin da zai adana aikinsa ya kashe na'ura cikin natsuwa.

Akwati kuwa, a bar mai fitilu masu walƙiya, a ɗauki mai iska da ragar tare ƙura, domin zafin bazara da ƙurar hunturu ba sa yi wa fanka sassauci.

Saura batun kayan hannu, waɗanda ake ce wa tokumbo, kuma suna nan jibge a Computer Village ta Ikeja da Banex ta Abuja da shagunan Kano. Furosesa da ram da akwati na hannu babu laifi, domin ba su cika gajiya ba. Fawa-fak da ma'ajiya kuwa, sabo ya fi. Sa'an nan a sani cewa Microsoft ya daina kula da Windows 10 a watan Oktoba na 2025, shi kuma Windows 11 bai yarda da furosesar Intel da ta gaza zubi na takwas ba, saboda haka wanda aka yi wa tayin tsohuwa da araha, ko dai ya haƙura da ita, ko ya ɗora mata Linux, wanda kyauta ne.

Roƙona gare ku, 'yan'uwa, shi ne kada ku miƙa kuɗi sai an kunna abin a gabanku, an kuma rubuta muku rasit mai ɗauke da wa'adin mayarwa.