Manhajar da ba ta san linzami ba

A shagunan buga takardu na Birnin Ƙonni har zuwa Malbaza, ana yawan cewa tsohuwar manhaja, irin wadda sai da F2 ko Echap take motsi, ba ruwanta da linzamin kwamfuta. Don haka idan ƙurar hunturu ta kashe maɓalli biyu, aiki ya tsaya ke nan. Masu faɗin haka ba daga sama suka tsinto maganar ba. An rubuta da yawa daga manhajojin zamanin DOS ne don madannai, za ka yi ta jan linzami ba su ko kula ka.

Amma da girmamawa, malamai, manhaja ba ta ganin yatsa. Saƙo kawai take jira cewa an danna F2, ba ta tambayar wa ya aiko. Tun Windows 2000 akwai madannan da ke fitowa a kan allo, waɗanda kwamfuta mai Faransanci ke kira Clavier visuel. A XP suna cikin Accessoires, ƙarƙashin Accessibilité. Ka taɓa harafi da linzami, manhaja ta karɓa kamar daga yatsa. Akwai kuma manhajar AutoHotkey, kyauta, tun 2003. Layi guda, XButton1::F2, ya isa ya mayar da maɓallin gefen linzami F2.

A bakin iyaka abin ya fi amfani. Kwamfutar da ta ƙetaro daga Sakkwato ta Illela madannanta QWERTY ne, ba é ba è, alhali takardar da za a kai ma'aikata da Faransanci ake rubuta ta. Ka sauya harshen rubutu zuwa Faransanci, madannan allo su koma AZERTY, kowane harafi a fili, ba lalube.

Inda nake tare da ku shi ne gudu: mai buga shafi talatin da linzami zai kwana a shago. Manhajar DOS da ta cika allo kuma tana rufe madannan, sai an ƙanƙance ta. Haka ƙ, ɗ, ɓ da ƴ: ko ka kwaso su da linzami daga Table des caractères, manhajar da ba ta san Unicode ba alamar tambaya za ta nuna maka, sai dai a buga takardar a Word.