Matsayin Laburare Wajen Koyar da Neman Bayani da Tantance Shi

A yawancin makarantunmu ana ɗaukar laburare a matsayin ma'ajiyar littattafai kurum, lokacinsa a jadawali kuwa hutu ne ga malami. A ganinmu wannan kuskure ne. Manufar Ilimi ta Ƙasa, bugun 2004, ta ɗora wa masu makarantu nauyin samar da laburare mai aiki. Aikin nan ya haɗa da koya wa ɗalibi yadda zai nemo bayani, ya san wanda ya rubuta shi da lokacin rubutun, sa'an nan ya auna ingancinsa.

Alal misali, malamin Hausa da ma'aikacin laburare su ba ɗalibai kalma guda su nemo ta a ƙamusun Bargery na 1934 da kuma Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006. Na farko da Ingilishi yake bayani, na biyu da Hausa, tsakaninsu shekara 72. Ɗalibin da ya iya faɗin dalilin bambancin da ya gani, da wuya ya kwafo abin da ya tsinta a intanet bai tambayi tushensa ba. Saboda haka muna ba da shawarar a sa wannan aiki cikin manhajar babbar sakandare, a riƙa ba shi maki.